Yatsun Auta, Kunnen Inna

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Direba da yara, kuma ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kanta da ta fito mini a yatsu, ita ma ta sana'a ce. Na san sai an tara tsofaffi an yi dogon lissafi kafin a gano inda ni da ke muka haɗa kaka, amma tun da na taho ke kika ɗauki mahaifiyata kika ajiye a gidanki, don haka ba ni da wanda zan kai wa kuka sai ke.

Ga abin da ake ciki. Kin san ƙungiyar da nake kaɗa wa jita. Jaz muke yi, amma irin na haɗin gambiza: a ɗauko jaz, a zuba masa ganga mai nauyi da jitar lantarki, kowa ya nuna abin da ya iya. A nan Walƙiya ake kirana, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Ba yabon kai ba, Yaya, a garin nan babu yatsun da suka kai nawa gudu. Akwai wuri a kiɗanmu da kowa yake lafawa a bar wa jita fili ita kaɗai, to a nan nake zuba abin da wani makaɗin zai daɗe yana harhaɗawa.

Gidan rediyo sun gayyace mu, za su ɗauki kiɗanmu su watsa. Murna ba ta gama shiga jikina ba sai shugabanmu, Mai Ƙaho, wani dattijo mai busa da ba ya dariya sai da dalili, ya shigo ɗakin gwaji da wani mutum riƙe da tsohuwar jita duk fentinta ya kankare. Hawainiya ake ce masa. In ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai taɓa ta biyu ba. Mai Ƙaho ya ce a cikinmu mutum ɗaya ne zai ja gaba ranar rediyo, kuma shi zai zaɓa.

Na tambaye shi laifina. Ya ce ko kuskure ɗaya bai taɓa kama ni da shi ba, wai kuma abin da ke damunsa ke nan. Ya ce in ya rufe ido ina kiɗa, ba ya jin mutum, yatsu kawai yake ji. "Kana da gudu, Walƙiya, amma ba ka da murya," in ji shi. Na ce ai jita nake kaɗawa, ba waƙa nake rerawa ba. Ya ci gaba da goge ƙahonsa.

Kin san alkawarin da na yi wa Inna: ranar da kiɗan nan ya ƙi ni, zan tattara in dawo in karɓi kujerar akawun da kike yi mini tanadi a ofishinku. In Hawainiya ya ture ni, to ya ƙi ni ke nan. Ga kaset nan na ba Direba, ni kaɗai ne a ciki. Ki saurara, ki sa wa Inna, ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi. Ke ba ki san komai a kiɗa ba, shi ya sa na amince da ke.

Ƙaninki,
Auta

* * *

Auta,

Na amsa sallamarka. Duk muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, har tana zagaya tsakar gida tana gyara mini shanyar da ba ta lalace ba. Direba ya ajiye saƙonka, ko takalmi bai cire ba ya sake kama hanya, don haka wannan ta gidan waya za ta zo maka. Na gode da shaidar rashin sanin kiɗa da ka yi mini. Ni da na goya ka kana tsanyara kuka a kunnena, ai na san sauti tun kafin ka san hannun damanka.

Na sauko da rikodarmu daga saman kabad, na kakkaɓe ta, na sa kaset ɗin ranar hutu da hantsi. Gaskiya da niyyar in daure in ji na zauna. Auta, ban san lokacin da na ajiye tsintar shinkafa ba. Abin yana tafiya a hankali, da kauri, kamar babban mutum yana ba da labari ba ya son ya tashi yara. Akwai wani wuri da sautin ya hau, ya tsaya, ya ɗan yi rawa, sannan ya sauko. A nan na ji idona ya ciko, ni da ko ranar da aka cire mini haƙori ban yi kuka ba.

Inna kuwa ta saurara har ya ƙare, ta ce a mayar. A karo na biyu sai ga hawaye. Ta tambaya ko ka ce kana lafiya, na ce ka ce, ta ce ita ba ta yarda ba. Ga ƙwayoyin maganin zazzaɓi nan ta ce lallai in sa maka a ambulan, ban san dalili ba, ka karɓa kawai. Tun ranar kullum sai an sa mata. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ma ta fara shigowa da ɗinkin hannunta tana zama, har ta iya bin wani wurin da baki.

Shi wannan Mai Ƙaho naku a kai shi a duba masa kunne. In wannan ba murya ba ce, to ban san mece ce murya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne natsuwar. Kai da ba ka taɓa gama tauna loma ba ka kai ta biyu, ashe zaman can ya koya maka haƙuri. Kada ka canza komai. Ka je ka yi musu daidai abin da ka yi a kaset ɗin nan, mu ga hawainiyar da za ta tsaya a gabanka.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gaishe ku. Ba zazzaɓi ba mura, amma ki ce wa Inna na sha maganin don hankalinta ya kwanta.

Wasiƙarki ta same ni ina fita gwaji, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, a gurguje. Idona ya faɗa kan "idona ya ciko", da "sai ga hawaye", da "kada ka canza komai". Na ninke na sa aljihu, na shiga ɗakin gwaji ina ji da kaina. Na yi musu daidai abin da ke kaset ɗin, har na ƙara wuta albarkacinki. Mai ganga ya bi ni har sandarsa ta kuɓuce ta bugi fanka. Da na gama na gaya wa Mai Ƙaho cewa a gidanmu an saurari kiɗan nan har mata biyu sun yi kuka. Ya dube ni, ya ce bai musa ba ko kaɗan, in yi musu sannu.

Sai da na dawo ɗaki na karanta a zaune. Yaya, wace natsuwa? Wane "a hankali"? Babu wuri ko ɗaya a kaset ɗin nan da sauti ya hau ya tsaya. Ni ba na tsayawa. Kuma mai ɗinki ba za ta iya bin kiɗana da baki ba ko da harshe biyu gare ta.

Na yi ta juya abin a raina. Ko dai zolayata kike yi kamar yadda kika saba, to yanzu ba lokacinta ba ne. Ko kuma Direba ya haɗa kaset ɗina da nasa na mota ya miƙa miki na wani. Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne, a ɗakin gwaji duk kaset ɗinmu a kwali ɗaya suke, ina tsoron na Hawainiya na ɗauka na aiko. In haka ne, to uwata ta yi wa abokin takarata kuka, ke kuma kin taya ta. Ki duba jikin kaset ɗin, nawa na zana masa walƙiya da jan biro. Ki ba ni amsa da wuri don Allah.

Auta

* * *

Auta,

Ka yi haƙuri da jinkirin. Kowa lafiya. Na rasa ta inda zan fara ne, sai da na ɓata takardun ofis da dama.

Kaset naka ne, ga jar walƙiyarka nan a jiki. Ba a yi musanya ba, ban kuma zolaye ka ba. Direba ne ya dawo ya tarar da mu ni da mai ɗinki muna sauraro, Inna ta shiga ta ɗan kishingiɗa, Allah ya taimake mu. Ya tsaya ya karkata kai, ya ce wace irin azaba muke ba rikodar nan, batir ɗinta ai ya mutu saura binnewa, ba mu ji tana jan ƙafa ba? Kafin in ce wani abu ya zaro sababbi daga tocilarsa ya zuba mata.

Auta, Allah ya ba ka yatsu, wannan ba gardama. Mai ɗinki ta soke kanta da allura. Ni abin da na ji shi ne kamar an juye buhun tsakuwa a kan kwanon rufi, kuma buhun ba ya ƙarewa. Na nemi wurin nan da ya sa ni kuka na rasa, ya wuce kafin in ɗaga kai. Direba ya ce shi ya burge shi, wai ya tuna masa mota a gangara ba birki, kuma yabo yake nufi.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. Ni ma da yatsu nake ci, in na hau tafireta har daga ɗakin shugaba ake leƙowa a ga gudu. Amma sanarwar taro nake bugawa, ba wanda ya taɓa cewa in maimaita masa. Naka na ainihi ya sa na buɗe baki, sai dai ban ce a mayar ba. Na batir mai mutuwa nake so. Kuma duk abin da ke cikinsa kai ka kaɗa shi, batir bai san kiɗa ba. Iyakar abin da na fahimta ke nan, sauran naku ne masu sana'a.

Inna ba ta sani ba, ba kuma zan gaya mata ba. Na cire sababbin na mayar da tsofaffin. Matsalar ita ce kullum ƙara mutuwa suke yi, jiya har ka fara kama da saniya mai naƙuda. Yanzu aikina ke nan bin gidajen maƙwabta ina roƙon batir da ya gaji amma bai mutu ba, har an fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Na ware maka waɗanda gajiyarsu ta yi daidai, ga su nan na ba Direba. Na san kana da kwafin kaset ɗin. Ka sa a taka rikodar ka ji abin da muka ji.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Lafiyar jiki ƙalau, zuciya ce dai ba ta da daɗi.

Da batir ɗinki suka iso na yi fushi na wurga su ƙarƙashin gado. Daga baya na zaro su da tsintsiya na sa. Yaya, na zauna a bakin katifa ina jin wani mutum da ban sani ba yana kaɗa abin da ni na tsara. Ashe akwai waƙa a ciki. Ni na sa ta da hannuna, shekara da shekaru ina bi ta kanta a guje ban taɓa tsayawa na gaishe ta ba. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Na ce tunda na iya gudu ai tafiya ba za ta gagare ni ba. Na je ɗakin gwaji da rana ba kowa, na jona jita da lasifika, na danna tsirkiya ɗaya na riƙe. Abin da ya fito kukan sauro ne, sauron ma bai daɗe ba ya mutu. Na sake, ya sake mutuwa. Kaurin nan da rawar nan da suka sa ki kuka, batir ne ya ara mini, hannuna bai san su ba.

Na kuma gano dalili. Maƙwabciyata a gidan haya nas ce mai aikin dare a asibiti, da rana take barci, bangon da ke tsakaninmu kuwa ko tari aka yi ana ji. Tun da na kama ɗakin nan ban taɓa jona jitata da lasifika a gida ba. Jitar lantarki in ba a jona ta ba ƙyas-ƙyas kawai take yi, ba a jin amonta. Da ƙyas-ƙyas ɗin nan na yi ta koyo, shi kuwa ba abin da ake iya aunawa a cikinsa sai gudu. Na koya wa yatsuna komai, kunnena na bar shi da yunwa.

Ina cikin kashe sauraye sai ga Hawainiya ya shigo ɗaukar rigar ruwansa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi dariya ba. Ya ce in daina ɗaga yatsa tun sautin bai gama faɗin abin da ya kawo shi ba, in ɗan girgiza tsirkiyar daga wuyan hannu, in kuma riƙa sauraren ƙarshen sauti ba farkonsa ba. Sannan ya sosa ƙeya ya ce shi ma yana da roƙo. Wai akwai wani wuri a kiɗan rediyon da dole jita ta bi ƙaho a guje, shi kuwa duk sanda aka zo wurin sai ya sunkuya kamar yana gyara waya. Ashe mutumin nan ba duka natsuwa ba ce, har da rashin iyawa. Yanzu kullum da rana muna haɗuwa, ina koya masa gudu yana koya mini tsayuwa, kowa yana addu'a a ransa kada ɗalibinsa ya yi saurin ganewa.

Sautina dai ya tashi daga sauro ya kai ƙudan zuma. Ranar hukunci ta matso, ki taya ni addu'a.

Auta

* * *

Auta,

Lafiya muke, amma shirunka ya yi yawa. Direba ya je ya dawo hannu rabbana, ya ce da ya buga ƙofarka nas ce ta fito ta wanke shi tas.

An yanke hukuncin ko ba a yanke ba? Shugaban ofishinmu ya ce kujerar akawu ba za ta yi ta jiran mutum ba, ga ɗan ƙanwarsa nan yana ta zarya. Na roƙe shi ya ɗan ƙara haƙuri. Rediyo kuma sun fara sanar da shirinku, ranar hutu da yamma. Inna ta ji da kunnenta, ta gayyaci rabin layinmu, ta sa an wanke tabarmi. Ni ce a tsakiya. In ka fito mata a guje za ta ce ba kai ba ne, asirina da na batir ya tonu. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Yayarka

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Lafiyata lau, kunya ce ta hana ni rubutu.

An yanke. Mai Ƙaho ya sa kowannenmu ya ja gaba a waƙa ɗaya. Hawainiya ya fara. Da aka zo wurin gudun ya bi ƙaho yana tuntuɓe amma ya kai, da dabarar da ni na koya masa da hannuna. Sai ni. Na shiga a hankali. Na riƙe sauti na farko, ya rayu. Na biyu ma ya rayu, har na ga Mai Ƙaho ya rufe ido. A nan ne na lura ɗakin ya yi tsit, kowa ni yake saurare, ba abin da zan ɓuya a bayansa. Ban san lokacin da yatsuna suka ƙwace ba, kafin in farga na juye musu buhun tsakuwarki gaba ɗaya. Mai Ƙaho ya buɗe ido.

Bai yi faɗa ba. Ya ce farkon nan da na yi shi ne abu mafi kyau da ya taɓa ji daga hannuna, amma rediyo ba ta watsa farko kaɗai. Hawainiya zai ja gaba. Ni kuma in ina so in zauna a baya in riƙe masa kiɗa tare da ganga, ƙyas, ƙyas, ba hawa ba sauka, daga farkon shiri har ƙarshe. Wai a nan ake koyon jira. Walƙiya guda, Yaya, an mai da ni mai riƙe wa hawainiya jaka.

Na karɓa don kada in watsa musu shiri, an ma riga an ɗauka. Amma ni a wurina kiɗa ya ƙi ni, alkawari kuwa na riga na ɗauka. Ki ce wa shugabanku ina tafe da zarar an watsa. Mutumin da ba a jin sa in an rufe ido, gara ya je inda ake aiki ido buɗe.

Roƙo ɗaya nake yi. Rediyo ba za su faɗi wanda ya kaɗa me ba. Jitar da za a ji a gaba mai sanyi ce mai kauri, irin wadda Inna ta saba ji a rikodarki. Ki bar ta ta ɗauka ni ne. Ba na ce ki yi ƙarya ba, shiru kawai za ki yi. Na san yana yi miki wuya, amma ki gwada.

Auta

* * *

Auta,

Muna lafiya. Inna ƙalau, tun ranar hutu ma ta fi ni ƙarfi. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Tsakar gida ta cika. Direba ya aro babbar rediyo wurin abokinsa, aka ɗora a kan kujera, Inna ta zauna dab da ita. Ni na koma can gefe na kama bakina kamar yadda ka ce, har muƙamuƙina ya yi tsami. Ƙaho ya yi nasa, ganga ta yi nata, sai kowa ya lafa, jitar nan ta shigo a hankali. Ka yi haƙuri, amma Hawainiyarku ya iya, sai da tsikar jikina ta tashi. Mai ɗinki, da har yanzu na batir mai mutuwa ne a kunnenta, ta dafe ƙirji ta ce ga Auta nan, jama'a suka juya suna yi wa Inna barka.

Inna ta ɗaga musu hannu su yi shiru. Ta saurara, ta ce, "Wannan ɗan wasu ne. Allah ya yi masa albarka, yana da hannu, amma ba nawa ba ne."

Sai ta ƙara matsawa har ta kusa manna kunne da rediyon, ta ɗaga yatsa. "Ga nawa can a baya. Ku ji shi. Kamar an riƙe masa riga yana son ya wuce."

Wallahi ni sai a lokacin na ji ka. Ƙyas ɗinka yana nan a ƙarƙashin komai, kullum yana gaban ganga da ɗan ƙiris, yana tura kiɗan gaba. Duk sanda ka shigo da wuri sai Inna ta yi dariya ta bugi gwiwa, ta ce haka kake tun kana rarrafe. Can kusa da ƙarshe akwai inda kowa ya tsaya cak, kai ma ka tsaya, ka jira, kuka shigo tare. Inna ta waigo ta dube ni ta ce yau ka jira mutane. Daga nan har aka rufe shirin goge ido kawai take da bakin mayafi.

Da jama'a suka watse na kasa haƙuri, na ce mata to kaset ɗin fa, shi da yake tafiya a hankali? Ta ce ai shi ma ta san kai ne tun taɓawar farko. Abin da ya sa ta kuka shi ne ba ta taɓa sanin ka da sanyin jiki ba sai in zazzaɓi ya kwantar da kai. Ta ɗauka ciwo kake kana ɓoyewa, kullum kuma in an sa sai ta ji yana ƙara tsanani. Ni kuwa ina can ina bin gidajen mutane ina roƙon batir don in faranta mata. Na kwashe komai na gaya mata. Ta yi dariya har sai da na kawo mata ruwa, sannan ta ce ni da kai ta rasa wanda ya fi wani rashin hankali.

Na karanta mata wasiƙarka ta ƙarshe, har inda ka ce ba a jin ka in an rufe ido. Ta ce wanda ya gaya maka haka bai haife ka ba, amma duk da haka ka bi maganarsa, domin ita ta yi ta fama ta koya maka jira ta kasa, in an samu dattijon da ya ɗauki wannan wahalar to Allah ya saka masa. Ta ce alkawarinku na ranar da kiɗa ya ƙi ka ne, ita kuwa ba ta ji ya ƙi ka ba, a baya kawai ya ajiye ka.

Don haka da safe na shiga wurin shugabanmu na ce ya ba ɗan ƙanwarsa kujerar. In ka taho yanzu ba abin da za ka tarar sai ni, kuma ba za ka ji daɗina ba. Ka zauna inda aka ajiye ka. Ka gaida Hawainiya.

Na tambayi Inna ko tana da saƙo in rubuta. Ta ce, "Ki ce masa na ji shi."

Yayarka